Jirgin Orrin Mai Kujera Ɗaya

Ranar Laraba na sa hannu a littafin tashin yayana Orrin, na rubuta cewa ya isa ya tuƙa jirgi mai babban inji shi kaɗai. Ranar Alhamis na gane ƙarya na sa wa hannu. Asabar kuwa ita ce ranar da ya tsayar zai tashi da jirgin da ya ƙera da hannunsa, jirgin da tayarsa ba ta taɓa barin ƙasa ba, kuma kujera ɗaya gare shi tal. In ya hau, babu mai zama a bayansa ya cece shi.

Sunana Marlys. Shekara talatin da ɗaya na yi ina feshin magani daga sama a gonakin alkama na nan Dakota ta Arewa, har bayana ya ce ya gaji, na koma koyar da tuƙi a ɗan filinmu na ciyawa. Ɗalibaina suna cewa ina da zafi. Ina da shi, ban musa ba. Amma cikin duk waɗanda na koya wa babu wanda ya taɓa karya jirgi, kuma da wannan nake taƙama a ko'ina, har a ƙofar coci.

Orrin ya girme ni da shekara takwas. Shi ya koya mini tashi ina 'yar sha shida, a jirgin babanmu mai jikin yadi wanda muke kira Tsohuwa. Ƙarfin doki sittin da biyar ne da ita. In iska ta taso mata ta gaba, motocin da ke kan titi wuce ta suke yi, direbobi suna ɗago maka hannu. Rabin rayuwarsa Orrin ya yi a cikinta yana leƙen shanunsa da gonakin maƙwabta, ko kwarzane bai taɓa yi mata ba. Sai da ya kai sittin ba ɗaya ya ce shi fa ya gaji da tafiyar hawainiya. Ya sayo zanen ƙirar jirgi da fallayen alminiyom, ya fitar da tarakta daga rumfa ya bar ta cikin dusar ƙanƙara.

Hunturu goma sha biyu ya yi yana bugu. Ƙusa dubu goma sha huɗu, matarsa Verna tana riƙe da ƙarfen tokara ta ciki, shi yana harbawa ta waje, suna faɗa ta ramin fiffike. Ya ɗora wa jirgin inji mai ƙarfin doki ɗari biyu da goma. Ranar da na ga kujera ɗaya ce na ce, "Yaya, wannan wace irin rowa ce?"

Ya ce, "Shekara ashirin da shida ina jan bas ɗin makaranta. Na gaji da surutu a ƙeyata."

Doka ta ce inji in ya haura doki ɗari biyu, sai malami ya gwada ka ya sa maka hannu. Tunda nasa ba ya ɗaukar mutum biyu, sai muka ari na maƙwabcinmu Wendell Hruska, tsohon likitan dabbobi. Nasa ɗan'uwan na Orrin ne a ƙira da ƙarfi, sai dai kujera biyu gare shi, ɗaya gaba ɗaya baya. Da ya miƙo mini makulli ya ce, "Malama, da taya uku na ba ku. Da taya uku nake son kayana."

Ga abin da nake gaya wa kowane ɗalibi ranar farko. Jirgi mai 'yar ƙaramar taya a wutsiya, a sama kowa na iya tuƙa shi. A ƙasa yake nuna halinsa. Nauyinsa yana bayan manyan tayoyin, saboda haka kullum wutsiyar so take ta zagayo ta wuce hanci. Hannu ba ya hana ta. Ƙafa ce ke hanawa, a kan feda biyu masu juya allon wutsiya, dama, hagu, taɓi kaɗan-kaɗan, tun kafin ido ya ga karkatar. Tsohuwa a gudun mil arba'in a awa take sauka, tana jiranka ka yi tunani, ka sosa kai, sannan ka taka. Na Wendell a saba'in yake taɓa ƙasa. Wajen tashi kuma, da ka tura totur babban injin nan zai fizgi hancin zuwa hagu, in ƙafarka ta dama ba ta riga shi ba, a cikin alkama za a je a ɗauko ka.

Mako biyu muka yi, awa goma, shi a gaba ni a baya. Kwana ukun farko sai ka rantse bugagge ne ke tuƙi. Muna sauka muna tangaɗi daga wannan gefe zuwa wancan, ina ihu a kunnensa, "Ƙafa, Yaya! Ƙafa!" yana cewa, "Ba kurma ba ne ni." Daga rana ta huɗu sai abu ya daidaita. Sauka ta miƙe, tashi ya miƙe. Na ce a raina, tsohon nan dai da sauransa. Kullum da yamma sha-raɓata na yi mini ciwo kamar wadda ta wuni tana hawan tsani, na ɗora wa tsufa laifin na shafa man zafi.

Ranar Laraba ya yi sauka uku a jere, ko wacce tsaf. Na ɗora littafinsa a kan fiffike na sa hannu da biron Wendell. Orrin ba mai fara'a ba ne, amma ranar har haƙorinsa na zinariya na gani. Ya bugo wa Verna waya a nan tsaye. Kafin azahar ta gaya wa rabin gari cewa Asabar da ƙarfe bakwai na safe akwai fanke da kofi a filin jirgi, kowa ya zo da kujerarsa.

Alhamis ya ce mu yi zagaye ɗaya na jin daɗi, don kada hannu ya huce. Iska ta ɗan taso daga yamma tana ratsa filin. Muna taɓa ƙasa sai wata guguwa ta mare mu, hanci ya yi hagu. Na danna fedar dama da ƙarfin da sai da na ji shi a kwankwasona. Jirgi ya miƙe. Na zauna ina jiran faɗa.

Fedar gaba da ta baya waya ɗaya ce ta haɗa su. In na baya ya taka, ta gaba motsawa take a ƙarƙashin tafin ƙafarka. A gidanmu kuwa babu rainin da ya kai a taɓa maka feda kana tuƙi. Ina yarinya na ji Orrin ya daka wa babanmu tsawa a kan haka. Ni kaina in ɗalibi ya ɗora ko da babban yatsa ina ji.

Muryarsa ta shigo kunnena cike da jin daɗi. "Kin gani ko, Malama? Ko gezau bai yi ba. Tsohon ƙashi ke nan."

Na sunkuya na dubi ƙafafuna. Ga su nan a kan feda, daram, kuma na san ba yau suka hau ba. Ƙafar da ta yi shekara talatin da ɗaya tana juya jirgi a bakin gona ba ta neman izinin mai ita. Da sauran ɗalibai da gangan nake sauke dugadugaina ƙasa, in zuba ido in ga abin da za su yi. Da Orrin ban taɓa yi ba. Yayana ne, shi ya koya mini, kuma tunda bai taɓa cewa "cire ƙafarki" ba, sai na ɗauka ba na taɓawa. Ashe tun daga rana ta huɗu ni ce ke sauke jirgin. Shi kuma gwiwarsa tana motsi, yana zaton shi ke motsa ta.

Na ce, "Mu ƙara ɗaya."

Wannan karon na janye ƙafafuna na harɗe su a ƙarƙashin kujera, na dafe gwiwoyina da hannu. Ya zo daidai, ya ajiye tayoyi a hankali, gwanin kyau. Sai hanci ya fara zamewa hagu. Na ƙirga ɗaya. Na ƙirga biyu. Sai a lokacin ya taka dama, kuma ya zarce da ita. Wutsiya ta kwaso ta yi waje, tayar dama ta ɗaga, na ji bakin fiffike yana sharar zangarniyar alkama. Ban san lokacin da na dira kan feda da birki ba. Muka tsaya a gicciye tsakiyar fili, ƙura na tashi.

Ya ce, "Iska ce."

Na ce, "Iskar gidanku!"

"Gidanmu ɗaya da ke."

Wendell ya iso a motarsa, ya zagaya jirginsa sau biyu, ya tsuguna yana zare alkama daga bakin fiffike. Ya ce, "Aro na ba ku, ban ce ku taya ni girbi ba." Ya yi dariya shi kaɗai, da ya dubi fuskata ya daina.

Ban tsaya cin abinci ba, na wuce gidan Orrin tun yana fili yana goge jirgin Wendell. Na tarar da Verna a kicin tana auna fulawar fanken Asabar. Na ce, "Verna, me ya sami ƙafar mijinki?"

Ba ta juyo ba. "Wace ƙafa?"

"Kada ki maida ni yarinya. Tun yaushe ya daina jin ta?"

Ta ajiye kofin awo. Ta daɗe tana share hannunta a jikin tawul, hannun da ba abin da ke jikinsa sai 'yar fulawa. Ta ce shekara biyu ke nan abin ya fara daga yatsu, likita ya ce ciwon suga ne. Watan jiya ya wuni a rumfa da ƙusa a cikin takalmi, bai sani ba sai da ta zo wanki ta ga safa ta bushe da jini. Ya sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba, musamman ni.

Na ce, "Kin san abin nan zai iya kashe shi?"

Sai ta juyo. Verna mace ce mai sanyi, tunda ta shigo gidanmu ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, kuma ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Ke kika sa hannu, Marlys. Na ce wa kaina in da matsala ke za ki gani, ba za ki raga masa ba. Jiya da ya bugo ya ce kin sa hannu, har waƙa na yi a kicin ɗin nan."

Na fita na zauna a mota, na buga sitiyari har hannuna ya yi zafi. Haushin kaina nake ji, haushin da ban taɓa jin irinsa ba, ga kuma tsoro.

Juma'a da hantsi na same shi a rumfa yana duba mai. Jirgin na tsaye fari fat da jan layi a gefe, yana ƙyalli. Wallahi ko maƙiyinsa ya gan shi sai ya tsaya. Na ce, "Yaya, hau ka zauna. Akwai abin da zan gwada."

"Gwaji ya ƙare. Kin manta?"

"Hau dai."

Ya hau yana gunaguni. Na ce ya ɗora ƙafa a feda ya rufe ido. Na koma baya na kama allon wutsiya da hannu, na tura shi kaɗan, daidai gwargwadon abin da sauka ke bukata, yadda feda za ta motsa a ƙarƙashinsa. Na ce, "Wacce ta motsa?"

"Dama."

Hagu ce. Na sake. Ya ce hagu, ya dace. Na uku ban taɓa komai ba, na tsaya da hannuna a aljihu na tambaye shi. Ya ce, "Dama."

Na zagayo gefensa. Idonsa a buɗe, yana kallon allon agogunan da ke gabansa. Ya ce, "Verna ce."

"Ba Verna ba ce. Jiya na danna fedar nan har kwankwasona ya amsa, ka ce mini tsohon ƙashi."

Can ya ce, "Da ido nake gani, da gwiwa nake turawa. Tsohuwa ba ta taɓa kai ƙarata ba."

"Tsohuwa tana jiranka. Wannan ba ya jiran kowa. Daƙiƙa biyu ka makara jiya, na ƙirga."

"Hannunki na cikin littafina."

"Zan soke."

"Ba a sokewa, kin fi ni sani." Ya juyo ya dube ni. "Ke da kike yawo kina cewa ba ki taɓa kuskuren ɗalibi ba. Yau ce ranar farko?"

"Yau ce. Ka ji daɗi?"

Ya dafa gefen jirgin da hannu biyu kamar zai fito, sai ya fasa. Muryarsa ta sauka. "Tsaya. A cikin awa goman nan, sauka nawa ne nawa?"

"Ban ƙirga ba."

"Marlys."

Na so in yi ƙarya, Allah ya sani. Na ce, "Na kwana ukun farko. Da ta ƙarshe jiya."

Na ga maganar ta shige shi. Ashe shi ma tsoron yake ji tun farko, saukar nan masu kyau ne suka kwantar masa da hankali, ya ce wa kansa ƙafar dai da sauran aiki. Ni na ba shi wannan ƙarfin zuciyar, da ƙafata, ban sani ba.

Na ce, "Yaya, don Allah. Ka bari a nemo wani ya fara tashi da shi. Ko ka ɗaga ranar."

"In ɗaga zuwa yaushe? Ƙafar dawowa za ta yi?" Ya nuna ƙofa. "Fita mini daga rumfa."

"Kai kam taurin kai zai kashe ka!"

"Gado ne. Fita."

Na fita. A hanya na yi tunanin dawowa in zare masa filogi in jefa a rijiya. Na yi tunanin buga wa hukumar jiragen sama waya. Ban yi ko ɗaya ba, kuma har yau ban san ko hankali ne ya hana ni ko ragwantaka. Mutum ne mai shekara saba'in da ɗaya, jirginsa ne, filinsa ne. Na dai buga wa Wendell na ce gobe ya zo da tukunyar kashe wuta biyu maimakon ɗaya.

Asabar gari ya waye lumui, ko ganye ba ya motsi. Mutum talatin ko fiye suka zo, motoci sun jeru a bakin shinge, Verna na juya fanke a kan babban kasko ba ta kallon kowa. A wurinmu ranar tashin farko ba a tafi, ba a ihu, ba a yi wa mai jirgi doguwar magana, sai ya sauka. Wendell ya kai motarsa tsakiyar fili ya tsaya a gefe da tukwanensa. Ni ke riƙe da oba-oba, tunda tun wata uku da suka wuce ni na rubuta masa takardar gwajin, abin da zai duba da abin da zai faɗa mini daga sama.

Orrin ya zo ya wuce ni. Ya zagaya jirgin, ya taɓa nan ya taɓa can, ya hau. Inji ya kama a bugun farko. Ƙarar ta daki ƙirjin kowa, wata mata ta zubar da kofinta. Ya ja shi a hankali zuwa ƙarshen fili, rabin mil daga inda muke, yana karkata hanci dama da hagu don ya ga gabansa. Ya gwada inji. Ya juyo ya saita hanci a tsakiyar ciyawa.

Sabon inji ba a barinsa yana gurnani a ƙasa. Iska ba ta ratsa shi, zafi yake yi, in ya daɗe cikinsa ya lalace tun bai fara aiki ba. Duk wanda ke wurin ya san haka, Orrin ya fi kowa sani. Minti ɗaya ya wuce. Uku suka wuce. Na matse oba-oba, ina addu'ar da ban san me nake roƙo a cikinta ba. A minti na shida Wendell ya yi magana ta nasa rediyon, "Orrin, injinka na dahuwa fa. Ko ka tafi ko ka kashe."

Farfela ta yi juyi biyu ta tsaya. Wurin ya yi tsit, har ana jin man fanke na ƙara a kasko.

Na miƙa wa Verna oba-oba na kama tafiya. Ban shiga mota ba, na fi son ya samu lokacin da rabin mil zai ba shi. Da na isa ya riga ya zuge murfin gilashi, ya cire abin kunne ya ɗora a cinya. Gumi ya jiƙe masa riga.

Ya ce, "Na ce wa ƙafar dama ta taka. Sai da na sunkuya na duba kafin in san ta taka." Ya goge fuska da hula. "Mutum ba ya tashi yana kallon ƙafarsa."

Na ce, "Haka ne, Yaya."

"Kama ni in fito."

Na kama shi. Ya fi nauyin da nake zato. Ya zauna a kan taya yana kallon mutanen da ke can nesa a bakin shinge. Ya ce, "In inji ya huce, nan da minti ashirin, ki hau."

"A'a. Ba yau ba."

"Ke kika rubuta takardar, kin fi ni haddace ta. Iska ba za ta sake kwanciya haka ba sai wani mako." Ya yi ƙasa da murya. "Matar nan hunturu goma sha biyu tana kwance a ramin fiffike da ƙarfe a hannu. Ta ga ya tashi."

Wendell ya kawo matashin kujerar motarsa aka cusa mini a baya don ƙafata ta kai feda. Orrin ya ja mini bel ya ɗaure, ya nuna mini makunnin famfon mai duk da na san inda yake, ya rufe gilashi da kansa. Wendell ya ɗauke shi suka koma wajen mutane.

Na tura totur a hankali, ƙafar dama tana gaba. Wutsiya ta ɗaga, kujera ta danne ni ta baya, kafin in kai inda motar Wendell ta tsaya ɗazu ƙasa ta sake ni. Ban taɓa hawa sama da irin wannan saurin ba. Na kai ƙafa dubu uku na fara zagaye a saman filin, inji a buɗe kamar yadda sabon inji ke so. Zafin mai daidai, zafin inji daidai. Na saita jirgin na saki sandar tuƙi.

Jirgin da aka ƙera a gida, kusan kowanne da ɗan aibinsa. Wani fiffike ɗaya ya fi nauyi, wani hancinsa na leƙen gefe. Wendell shekara guda ya yi yana lanƙwasa nan yana matse can kafin nasa ya miƙe. Wannan kuwa na sake shi ya tafi sak, ko karkata babu. Na juya dama, na juya hagu, yana bin hannuna tun kafin in gama niyya. Zan faɗi gaskiya, daɗi ya kama ni, irin wanda na manta da shi tun ina budurwa, har na ji ina dariya ni kaɗai. Sai na leƙa ƙasa na hango farar hular Orrin a gefe guda, nesa da taron, kunya ta rufe ni.

Rediyo ya yi ƙara. Orrin ne ya karɓi oba-oba daga hannun Verna. "Malama, kina ji na?"

"Ina ji, Yaya."

"Mai?"

"Daidai."

"Zafi?"

"Silinda huɗun duka daidai."

"Wane fiffike ne mai nauyi?"

Yatsana na kan maɓalli. Na yi tunanin in ƙirƙiro masa aibi ɗaya. In ce hagu na ɗan ja, ko akwai wata 'yar rawa a wutsiya, abin da zai kwance ya ɗaura har ƙanƙara ta narke. Ba wanda zai taɓa ganewa, tunda ba mai hawa ya duba sai ni. Amma ƙaryar da na riga na yi masa ta isa.

Na ce, "Babu ko ɗaya. Na saki sanda ya tafi sak. Yaya, babu abin gyara a jirgin nan."

Na ji ya danna maɓalli, na ji numfashinsa, ta bayansa kuma ina jin mutane sun karya al'ada sun fara tafi. Ya saki. Na yi zagaye guda cur ban ji komai ba. Sannan ya sake dannawa, kuma na san duk wanda ke kusa da motar Wendell yana ji.

Ya ce, "To ni me zan yi ranar Litinin?"

Na danna maɓalli, na buɗe baki, na sake shi. Takardar gwajin ta ce minti talatin a sama, saura goma sha takwas. Na ci gaba da zagayawa.